Mis Kathleen Kenyon Da Matattun Kufan Yariko

A zangon karatun da ya wuce, sa'ad da muka iso darasin mafarin noma, wani ɗalibi ya tambaye ni a aji yadda aka yi aka san irin zaman mutanen da suka shuɗe tun shekara 9,000 ko 10,000, alhali kuwa ba su bar rubutu ba, ba su kuma bar maroƙan da za su riƙe musu tarihi ba. Na fara amsa masa ke nan sai ƙararrawa ta katse mu, na kuwa ga alamar abin da na faɗa bai ƙosar da shi ba. Tambayar ba ta wasa ba ce, gama kowane ɗayanku yana iya tsayawa gobe a gaban yara a jefo masa irinta, in kuwa ya rasa amsa sai yaran su ɗauka dukan darasin tatsuniya ce. Saboda haka, tun da Edita ya ba ni fili, zan ba ku labarin wata Baturiya wadda ta ƙare ƙarfinta wajen neman amsar, ta kuma same ta a inda ba a zata ba, watau a ƙarƙashin daɓen ɗakuna, wurin matattu.

Sunanta Kathleen Mary Kenyon. An haife ta a Landan ran 5 ga Janairu, 1906. Ubanta, Sa Frederic Kenyon, babban malami ne, ya shahara wajen karanta tsofaffin takardun Helenanci da na Littafi Mai Tsarki, kuma tun tana 'yar shekara 3 aka naɗa shi shugaban British Museum, watau babban gidan kayan tarihi na Ingila. Gidan da suke zaune manne yake da wannan wuri. Mai karatu zai zaci yarinyar da ta tashi a nan tun tana ƙarama za ta kamu da son tsofaffin kaya, amma ita hawan itace da kamun kifi da wasanni suka fi ɗaukar mata hankali. Ta zama shugabar ɗalibai a makarantar 'yan mata ta St Paul's, kana ta shiga Kwalejin Somerville ta Jami'ar Oksfod ta karanta tarihi. A can ta yi suna a wasan hoki, ita ce kuma mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar tonon kufai. Da aka yi jarrabawar ƙarshe kuwa sakamakonta bai taka kara ya karya ba. Kada dai wani a cikinku ya riƙi wannan hujja ya ajiye littafi ya nufi filin ƙwallo, gama wahalar da ta sha daga baya ta ninka ta jarrabawa.

Cikin 1929 wata babbar malama ta kwalejinsu ta haɗa ta da Mis Gertrude Caton-Thompson, wadda aka aika Kudancin Rodeshiya, ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, don ta bincika ko su wa suka gina manyan garun duwatsun da ke can. Turawan da ke mulkin ƙasar a lokacin ba su so a ce baƙar fata ne suka yi ginin, sun fi so a jingina shi ga Finikiyawa, ko ga mutanen Bilkisu Sarauniyar Saba. Aikin Kathleen a tafiyar ɗaukar hoto ne da lura da mota. Mis Caton-Thompson ta haƙa har gindin gini, ta duba tsingaro da duwatsun wuyan da ta samu, sa'an nan ta tsaya gaban taron masana a Afirka ta Kudu ta bayyana cewa 'yan Afirka ne suka gina wurin. Aka yi mata ca, ba ta janye ba. A ganina nan Kathleen ta fara koyon faɗin abin da ƙasa ta nuna, ko da masu gida ba su son ji.

Sana'ar kanta kuwa a hannun Mortimer Wheeler da matarsa Tessa ta koye ta, a kufan wani birnin Rumawa da ake kira Verulamium, arewa da Landan, tsakanin 1930 da 1935. Dole in tsaya a nan kaɗan, domin in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai zauna ba. Masu tonon dā galibi bango suke bi. In sun sami gini sai su yi ta kwashe ƙasa daga jikinsa har ya fito fili, su tsince abin da ya yi musu kyau, sauran su zubar. Su Wheeler sai suka ce ita ƙasar da ake zubarwa ita ce shaidar. Ku ɗauka an shimfiɗa tabarmi goma, ɗaya bisa ɗaya. Ba sai an gaya muku ba, ta ƙasa aka fara shimfiɗawa, kuma allurar da aka tsinta tsakanin ta uku da ta huɗu ta faɗi ne kafin a shimfiɗa ta huɗu. Haka ƙasar kufai take hawa-hawa, wannan toka, wannan daɓe, wannan rusasshen tubali. Sai a yanka fili murabba'i-murabba'i, a bar siririyar katangar ƙasa tsakaninsu ba a taɓa ba, don a riƙa ganin hawan a jikinta. Ana ɗebe hawa ɗaya kafin a taɓa na ƙarƙashinsa, kowane tsingaro a rubuta hawan da ya fito, a kuma zana jikin katangar a takarda. Babban abin tsoro shi ne ramin da wani na baya ya haƙa ya huda hawan magabata, kamar rijiya ko kabari, don yakan gangarar da sabon abu cikin tsoho ya ruɗar da mai lissafi. Kathleen ta ƙware ga gane irin wannan har yau ana kiran dabarar da sunanta haɗe da na Wheeler.

Shekarun da suka biyo baya ba zan daɗe a kansu ba. Ta yi tono a Samariya ta ƙasar Falasɗinu daga 1931 zuwa 1934, da Leicester a Ingila, ta taimaka aka kafa makarantar koyon tonon kufai ta Jami'ar Landan a 1937, ta riƙe ta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana kuma aikin taimakon Red Cross. Bayan yaƙi ta yi aiki a Sabrata ta ƙasar Libiya. A 1951 aka ba ta shugabancin makarantar Ingilishi ta binciken kufai da ke Birnin Ƙudus, a farkon 1952 kuwa ta sauka Yariko.

Yariko, wanda Larabawa ke kira Ariha, yana cikin kwarin Kogin Urdun, arewa kaɗan da Tekun Gishiri. Wurin ya fi ƙafa 800 ƙasa da fuskar teku, ga zafi, ga ƙarancin ruwan sama, amma akwai wata maɓuɓɓuga da ba ta ƙafewa, ana kiranta Ainus Sultan. A bakinta tsohon garin yake, ya zama wani dogon tudu mai tsayi kamar ƙafa 70, faɗinsa wajen eka 10. Tudun nan ba halitta ba ne, hannun mutane ne ya tara shi. Wanda ya taɓa zama a garin ginin ƙasa ya san in ɗaki ya faɗi ba a kwashe shi, baje shi ake a yi sabo a kai. To, a yi ta haka shekara dubbai, da toka da shara, sai gari ya hau bisa kansa. Muna da irinsa a ƙasar nan, kamar tudun Daima na Barno, wanda Graham Connah ya tona a 1965 da 1966.

Abin da ya kai ta can tun farko ba manoman farko ba ne. Wani Bature, John Garstang, ya riga ya yi tono a tudun daga 1930 zuwa 1936, ya sami ganuwa biyu rusassu da gari ƙonanne, ya ce ita ce ganuwar da ta faɗi a zamanin Joshuwa, wanda Musulmi ke kira Yusha'u, wajen shekara 1400 kafin haihuwar Annabi Isa. Maganar ta yi wa jama'a da yawa daɗi a Turai da Amurka. Daga baya gardama ta taso, shi da kansa ya roƙi Mis Kenyon ta sake duba aikin. Da ta bi hawan ƙasa sai ta ga ganuwar nan ta girmi zamanin da ake zance da wajen shekara 1,000, garin da ya ƙone kuwa ya ƙone ne wajen 1550, kuma abin da ya rage na zamanin da ya biyo baya kaɗan ne ƙwarai, ruwa da iska sun wanke bisan tudun. Ita Kirista ce mai zuwa coci, 'yar malamin Littafi kuma, ta san sarai masu ba da kuɗin aikin da yawa ba wannan amsa suke jira ba. Duk da haka abin da ta gani shi ta rubuta.

Sa'an nan ta ci gaba da nutsawa. Ƙasar tana hannun Urdun a lokacin, leburorinta kuwa mutanen garin ne da Falasɗinawa 'yan gudun hijirar yaƙin 1948, waɗanda sansaninsu ke gefen tudun. Sitt suke ce mata, watau uwargida. A lokutan sanyi, daga 1952 har 1958, aka yi ta yanka manyan ramuka uku a jikin tudun, ana fid da ƙasa a kwanduna. Aka wuce zamanin tagulla, aka iso zamanin mutanen da suke da tukwane amma ba su san ƙarfe ba. Bisa ga abin da ake koyarwa a lokacin, nan ya kamata labari ya ƙare, gama an ɗauka noma da ginin tukwane tare suka zo. Ashe ba a ma fara ba. Ƙarƙashin masu tukwanen nan aka tarad da hawa bisa hawa na gidaje, zurfin ƙafa 40 ko fiye, babu ko tsingaro ɗaya a ciki. Garstang ya ɗan taɓo wannan, amma ita ce ta bi shi har kan fa, ta kuma raba shi kashi biyu, na fari da na biyu, rabon da har yau masana ke aiki da shi. Wani abin mamaki, gidajen marasa tukwanen sun fi na masu tukwanen kyau nesa, don su na bayan da farko a ramuka suka zauna.

Ga yadda labarin ya fito. Wajen shekara 12,000 da suka wuce mafarauta sukan yada zango a bakin maɓuɓɓugar. Sannu a hankali zuriyarsu suka zauna, suka gina ɗakuna masu da'ira da tubalin da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, daɓen ɗakin ya ɗan nutse ƙasa, sai an taka matakala a shiga. Suna shuka sha'ir da alkama da wani irin ƙaramin wake, suna girbi da lauje mai haƙoran ƙanƙara, suna niƙa a dutse, nama kuwa yawanci na barewa ne da suka farauto. Ba a keɓe suke ba, domin an sami wuƙaƙen wani baƙin dutse mai sheƙi kamar kwalba, wanda asalinsa daga tsakiyar ƙasar Turkiyya ne, tafiyar ɗaruruwan mil.

A gefen yamma na wannan ƙauye ne ta ci karo da abin da ya sa sunan Yariko ya zaga duniya: bangon dutse, da gwalalo mai faɗin ƙafa 27 da aka sare cikin fa, da kuma hasumiyar dutse mai tsayin ƙafa 28, faɗinta a gindi wajen ƙafa 30, da matakala 22 a cikinta. Mutanen da ba su da ƙarfe ba su da jaki suka yi wannan, an ƙiyasta kuwa aikin zai ci wa mutum 100 fiye da kwana 100. A daidai lokacin ne aka fara aiki da dabarar Willard Libby ta auna shekarun gawayi da ƙashi, da aka auna sai lissafi ya zarce abin da kowa ya zata. Da gyaran da aka yi wa awon daga baya, hasumiyar ta haura shekara 10,000. Mis Kenyon ta ce wannan birni ne, mafi tsufa a duniya, mai mutum 2,000 ko 3,000, da ganuwar tsaro da shugabanni. Robert Braidwood na Amurka da Gordon Childe suka ƙi yarda, aka yi ta musayar alƙalami. A nan kam ina ganin ta yi zuƙu. Masanan baya sun rage yawan mutanen ƙwarai, a 1986 kuma Ofer Bar-Yosef ya kawo hujja cewa bangon na tare ambaliya da laka ne daga duwatsun yamma, tun da hasumiyar a cikin bango take ba a waje ba, ba a kuma ga alamar yaƙi ba. Amma ko wace ce gaskiyar, tambaya ɗaya ta rage: me ya haɗa kan mutanen nan har suka yi wannan gayya, ba sarki, ba dogari, ba rubutu?

A nan matattu suka shigo labarin. Mutanen Yariko ba su da maƙabarta a bayan gari. A cikin gari suke binnewa, ƙarƙashin daɓen ɗaki, ko a tsakar gida, ko tsakanin bango da bango, ko cikin kangon da aka bari. Akan lanƙwashe gawa a kwantar da ita a gefe, gwiwa kusa da ƙirji, cikin ɗan ƙaramin rami, a mai da daɓe, a ci gaba da kwana da niƙa a kai. Ɗaruruwan ƙasusuwan mutane aka samu haka, da yawa daga cikinsu jarirai, waɗansu a gindin bango ko bakin ƙofa. Hatta hasumiyar, da aka daina amfani da ita, an cusa gawa 12 a cikin hanyar matakalarta. Waɗanda suka zo mana daga ƙasar Yarbawa ba za su yi mamakin kabari a gida ba, amma a yi hattara, kama da wane ba ta wane, kowace al'umma da dalilinta.

Abu biyu Mis Kenyon ta lura da su. Na fari, kusan ba a sa wa mamaci kome a kabari, in an samu ma bai wuce 'yan duwatsun wuya ba. Ba ka iya duban kabari ka ce wannan na mai arziki ne, wannan na talaka. Na biyu, manya da yawa ba su da ƙoƙon kai. Ga sauran ƙasusuwa a jere yadda aka kwantar da su, sau da yawa har muƙamuƙin ƙasa yana nan, ƙoƙon ne kaɗai babu. Da yankewa aka yi tun da nama, da muƙamuƙin ya tafi tare da kan. Ashe jira ake sai jiki ya narke, kana a fasa daɓe daidai wurin kan, a zare ƙoƙon, a sake rufewa. Wannan ya nuna ba a manta da inda kowa yake kwance ba. Ta kuma sami inda aka tara ƙoƙunan: a wani wuri an jera su da'ira suna duban tsakiya, a wani wuri guda 9, uku-uku, duk suna fuskantar gefe ɗaya.

A kashi na biyu na zamanin sai gini ya sāke. Ɗakuna suka zama masu kusurwa huɗu, manya, kewaye da tsakar gida. Tubalinsu dogo ne, da shaidar babban yatsan magini a bayansa don laka ta kama. Daɓen kuwa na farar ƙasa ne, an goge shi har yana sheƙi, wani ja wani fari. Ita farar ƙasar nan sai an ƙona dutse da wuta mai tsanani da itace mai yawa ake samunta, ga shi kuwa mutanen ba su fara gasa tukunya ba. Awaki suka fara maye gurbin barewa. Amma al'adar binnewa a ɗaki da zare ƙoƙo ba ta gushe ba, sai ma ƙaruwa da ta yi.

Ran da abin ya fito fili a ƙarshen aikin 1953 ne. Tun makonni ana ganin bayan wani ƙoƙo ya ɗan leƙo a jikin katangar rami. Dokarta ce ba a huda katanga don ciro abu, kome kyansa, sai an gama zana ta, gama hudawa tana ɓata shaidar hawan ƙasa. Sai da aka gama zane, ana shirin tashi, sa'an nan ta ba wani saurayi cikin ma'aikatanta, Peter Parr, izini ya ciro shi. Da ya ciro sai ga fuskar mutum tana dubansa, da kunci da hanci da idanu. Ya leƙa ramin da ƙoƙon ya bari, ya hangi wasu biyu, bayan su kuma wasu. An riga an ɗaure kayan sansani, amma dole aka fasa tafiya aka ƙara kwanaki, har aka fid da guda 7. Daga baya aka sami wasu, suka cika 10.

Yadda aka yi su shi ne, a cika cikin ƙoƙon da yumɓu, kana a gina fuska bisa ƙashin da farar ƙasa, a fid da hanci da baki da kunnuwa da gira, a shafa launi mai kama da fatar mutum. A gurbin idanu sai a sa ɓawon kumba, ɗaya kuwa wuri aka sa masa, ya zama kamar mai gyangyaɗi. Bisan kan akan bar shi ƙashi, ɗaya an ja masa ratsi-ratsi da launi. Guda ɗaya kaɗai ke da muƙamuƙinsa; sauran an gina haɓa ne bisa haƙoran sama, shi ya sa fuskokinsu suka yi gajarta. Shekarunsu sun kai 9,000 ko fiye.

Mis Kenyon ta yi tunanin ko kawunan abokan gaba ne da aka ci a yaƙi, amma ta ture wannan, saboda irin kulawar da aka yi wajen ginin fuskokin, da kuma ganin ga gawawwaki marasa kai a ƙarƙashin ɗakunan garin. Ta tsaya a kan cewa kakanni ne, dattawan gida, waɗanda ake girmamawa ana neman albarkar hikimarsu. Wannan magana ta zauna shekaru da yawa a littattafan makaranta. Amma aikin bai tsaya a kanta ba. Cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinta a Yariko akwai Diana Kirkbride, wadda ta je ta tona Baida kusa da Petra, da James Mellaart, wanda ya tona babban ƙauyen Catalhoyuk a Turkiyya daga 1961. Aka yi ta samun irin ƙoƙunan nan a Ain Gazal kusa da Amman, da Tel Ramad da Tel Aswad kusa da Dimashƙa, da wasu wurare a Galili. Da aka auna su da kyau sai aka ga ba na tsofaffin maza kaɗai ba ne, akwai mata, akwai matasa, har da yara. Yaro kuwa ba ya zama kakan kowa. A Catalhoyuk, cikin 2004, aka sami wata mace an binne ta tana rungume da irin ƙoƙon nan a ƙirjinta, an kuma yi masa shafe fiye da sau ɗaya, alamar ya daɗe a hannun mutane. Binciken haƙora da na ƙwayoyin gado da aka yi a can daga baya ya nuna waɗanda ke kwance ƙarƙashin ɗaki ɗaya sau da yawa ba 'yan'uwan jini ba ne.

To, ga abin da ni na fahimta, na kuwa fi karkata ga masanan da ke wannan ra'ayi. Maharbi in ya yi faɗa da ɗan'uwansa sai ya ɗauki bakansa ya yi gaba. Manomi ba shi da wannan dama, gama ga shuka a ƙasa, ga hatsi a rumbu, ga ruwa guda ɗaya da kowa ke sha. Mutum ɗari-ɗari sun taru wuri guda, abin da ba a taɓa yi ba, dole a sami abin da zai hana su watsewa, a kuma san wa ke da wane ɗaki da wace gona. Wanda iyayensa ke ƙarƙashin daɓensa ba mai ce masa baƙo. Jana'iza kuma sau biyu ake yinta. Mutuwa ba ta sallama, ta farko dole a yi ta da gaggawa. Amma ranar ciro ƙoƙo ana iya sa ta a shirya, a ƙona farar ƙasa, a kira gidaje da yawa. Ƙoƙon ya zauna cikin mutane ana ɗauka ana ajiyewa, har sa'ad da waɗanda suka san mai shi suka ƙare, sai a haɗa shi da na wasu gidaje a binne tare. Rashin kaya a kabari kuwa yana nuna mutanen ba su so wani gida ya ɗaga kai bisa wani, ko da akwai bambanci a raye. Ba na cewa zaman lafiya lau suke. Zaɓen da ake yi, a gina wa wannan fuska a bar wancan, shi kansa bambanci ne. Kuma ita Mis Kenyon ta sami ƙoƙunan jarirai a ƙarƙashin wani gini waɗanda suka sa ta zargin hadaya ce.

Ɗaya daga cikin bakwai ɗin farko yana British Museum, gidan da ta tashi a gefensa. An sa shi a na'urar da ke hango cikin abu ba tare da an fasa ba, aka ga namiji ne wanda ya haura shekara 40, hancinsa ya taɓa karyewa ya warke, haƙoransa sun ruɓe har da ƙurji, an kuma ɗaure masa kai da ƙyalle tun yana jariri har siffar ƙoƙon ta sāke. A 2016 aka gina kamannin fuskarsa aka nuna wa jama'a. Wannan ita ce amsar da ƙararrawa ta hana ni ƙarasawa: ciwon haƙorin mutum da abin da uwarsa ta yi masa a goyo, duk ƙashi ya riƙe su shekara 9,500.

Bayan Yariko ta rubuta littafin Digging Up Jericho a 1957 don sauran jama'a, kana ta koma Birnin Ƙudus ta yi tono daga 1961 har yaƙin 1967 ya tsai da aikin. Daga 1962 zuwa 1973 ita ce shugabar Kwalejin St Hugh's ta mata a Oksfod. A shekarar da ta bar aiki Sarauniyar Ingila ta ba ta sarautar Dame. Ba ta yi aure ba. An san ta da kaifin harshe, da son karnuka, har waɗanda ba su da masu su takan tsinto a wurin tono ta riƙe.

Tana da laifinta, ba kuwa ƙarami ba. Ramukanta zurfi gare su amma ba faɗi, saboda haka ta san abin da ya riga wani, amma da wuya ta ga gida guda cikakke, balle unguwa. Na biyu, tono yana cinye shaidarsa, abin da aka haƙe ba ya komawa, don haka wanda ya tona bai buga cikakken rahoto ba bashi ne a wuyansa. Ita kuwa ta fara aikin Ƙudus da na kwaleji tun ba ta sauke na Yariko ba. Littafi biyu na kaburburan zamanin tagulla suka fito a 1960 da 1965, amma na tudun kansa, inda manoman farko suke, yana kan teburinta sa'ad da ta rasu ran 24 ga Agusta, 1978, a ƙasar Wels, tana da shekara 72. Thomas Holland ne ya harhaɗa takardunta, sauran littattafai uku suka fito daga 1981 zuwa 1983. A 2003 aka sa wa makarantar Ƙudus da ta shugabanta sunanta.

A 1997 masana na Italiya da na Falasɗinu suka koma aiki a tudun, a 2023 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Babban raminta na yamma yana nan a buɗe, mai ziyara yakan tsaya a baki ya leƙa hasumiyar can ƙasa. Ƙoƙunan kuwa an rarraba su tsakanin hukumar Urdun da gidajen kayan tarihin da suka taimaka da kuɗin aikin: waɗansu suna Amman, ɗaya a Landan, ɗaya a Oksfod, ɗaya a Kambirij, ɗaya a Toronto ta Kanada, ɗaya kuma a Sidni ta ƙasar Ostareliya.